Zane Huɗu a Bangon Injin Niƙa

A bangon injin niƙan Arzika, gab da mashaya,
akwai zane huɗu da anka yi da ƙusa.
Baƙo kan ce wasan yara ne.
Mu kuwa mun san inda kowane ya tsaya mana a jiki,
da su muke ƙirga shekarun ruwa.

Na ƙasa bai wuce gwiwa ba.
Kakana Nomau ya ja shi, tun bangon na ɗakin hatsi ne.
Ya ce Gulbin Rima ya shigo da dare kamar mai neman garwashi,
ya ɗauki tabarmi, kaji bakwai da ƙwaryar Inno,
kafin hantsi ya koma ba sallama.
Anka shanya gero bisa darni ana dariya,
wai gulbi ya zo gaisuwa.

Na biyu a ƙugu yake.
Shekarar da shinkafa ta nutse a fadama da cikinta,
munka ci tafasa har harshe ya manta gishiri.
Bayan nan ne Kulu mai fura ta bi gida gida da tulu,
ta ce kowace mace, kafin ta ɗora sanwa,
ta ɗebe tafi guda ta zuba, ta rufe da faifai.
Maza sunka ce, tafi guda zai tare gulbi?
Ta ce ba gulbi take tarewa ba,
baƙuwar da ke biyo shi take jira, yunwa.

Na uku ni na ja shi,
ina tsaye cikin jirgin Jabbi, na miƙa hannu sama.
Daren nan lasifikar masallaci ba sallah ta kira ba,
sunayen unguwanni ta riƙa kira.
Jabbi ya yi sawu goma sha tara zuwa firamaren tudu,
tsofaffi, awaki, keken ɗinkin Asabe,
da wata mai naƙuda da ta haihu a aji uku.
Tsoho Tunau ya ce ba ya barin jakinsa ɗaure.
A sawu na ashirin Jabbi ya dawo da jakin yana iyo a baya,
da hula a gaban jirgi,
bai ce komai ba, ba wanda ya yi tambaya,
sai ƙarar ruwa.

Tulu talatin da ɗaya munka tarar bisa tudun,
don Kulu ta sa an kwashe su tun gulbi na sauya launi.
Kwana goma sha ɗaya suna ciyar da gari
kafin motar birni ta iso da buhuna da mai ɗaukar hoto.
Maidamma, da ya hana matansa zuba tafin,
shi ya fara miƙo akushi.
Kulu ta cika masa har ya zuba,
ba ta ɗaga ido ba,
kuma har ta koma ga Allah ba ta faɗa wa kowa ba.
Ni da na gani ne na kasa mantawa.

Yanzu littafin asusun yana hannuna,
bangonsa ya kumbura, tawada ta bazu.
Tiya biyu daga kowane gida in an yi kaka,
ana gardama, ana jinkiri, wasu sai an je sau uku.
Maidamma ke riƙe da makullin rumbu.

Na huɗun fa?
Ɗaga kai, yana can ƙarƙashin indararo.
Arzika ya hau tsani ya ja shi ran wata Laraba da rani,
ƙasa na tsagewa don ƙishi.
Ruwa bai taɓa kai shi ba.
Ya ce a bar shi nan, mu riƙa kallo
duk ran da hannu ya yi nauyin zubawa.